Tambaya da Amsa: Wai kalmar "native" zagi ce ko kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Makon nan wasiƙu huɗu na ware gefe guda don duk kalma ɗaya suke zagayawa, ko da yake masu su ba su san juna ba, ɗaya daga Gombe, ɗaya daga Azare, biyu daga nan cikin Bauchi. Na ɗan rage tsawon tambayoyin don fili ya ishe mu, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a kwaleji, an ba mu asaimen a kan zuwan Turawa ƙasar Gombe sai na rubuta "the natives" ina nufin mutanenmu na da, wallahi malaminmu ya zagaye kalman da jan biro ya rubuta wai kar in sake kiran kakannina haka. To ni kuma haka na gani a rubuce a inda na duba, kuma a fom ma ana tambayan native language ban taɓa jin an ce zagi ne ba. Don Allah mene ne asalin kalman nan? Daga wata ɗaliba a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, kuma ki gode wa malamin nan naki don gata ya yi miki. Bari mu faro daga tushe. Kalmar daga Latin ta fito, harshen Rumawan da. A wurinsu nasci yana nufin a haifi mutum, wanda aka haifa kuma natus, daga nan aka samu nativus, wato abin da aka haife ka da shi ko aka haife ka a cikinsa. Faransawa suka gaje ta suka ce natif, mutanen Ingila kuma suka ara daga wurinsu wajen ƙarshen ƙarni na 14, don tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066 Faransanci ya zama harshen fada da na kotu a can, kalmomi suka yi ta kwarara cikin Ingilishi kamar dai yadda Larabci ya shigo mana ta bakin malamai da alƙalai.

In kina son ki riƙe abin da sauƙi ki dubi namu. Daga haihuwa muka samu mahaifi da mahaifiya da haifaffe, ga kuma mahaifa, wadda take nufin inda jariri yake kwance a cikin uwarsa kuma take nufin garin da aka binne cibiyarka, kinga kalma ɗaya ta ɗauke cikin uwa da gari gaba ɗaya. To su ma daga wannan saiwar suka samu nation wato al'umma, da nature wato halitta, har sunan lardin Natal na Afirka ta Kudu daga nan yake, don Vasco da Gama ya gifta gaɓar wurin lokacin Kirsimeti na 1497 sai ya sa masa sunan bikin haihuwar. Ke nan a farkonta kalmar tsaf take, haifaffen wuri kawai take nufi.

Amma datti ya fara taɓa ta tun a can gidansu kafin su zo mana. A tsofaffin takardun gandayen Ingila in aka rubuta nativus ana nufin talakan da aka haifa a ƙarƙashin ubangida, ba shi da ikon barin gonar da aka haife shi a kanta, kusan abin da Hausawan da suke ce wa bacucane. Da Turawa suka fita cin ƙasashe sai suka ɗauki kalmar suka ɗora wa duk wanda suka tarar a wurin, ɗan Indiya native, Bazulu native, Sarkin Gombe native, limamin gari native, yaron da ke musu girki shi ma native, duk kwando ɗaya. Shi kuwa Bature ko a Legas ko a Kaduna aka haife shi ba ya shiga kwandon, kinga an riga an cire haihuwa daga cikin maganar, saura launin fata da wanda ke mulki da wanda ake mulka. Kuma abin bai tsaya a fatar baki ba, asibitinsu daban na 'yan ƙasa daban, unguwarsu daban, wadda ta zama Ji'ar'e a yau, har ƙa'ida suka sa a bar fili fayau na yadi 440 tsakanin gidajensu da namu wai don gudun sauro da cuta. A Afirka ta Kudu kuwa da wannan kalmar aka yi dokar ƙasa ta 1913 wadda ta ware wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, kuma jam'iyyar ANC da kika sani da kalmar a cikin sunanta aka kafa ta a 1912, sai a 1923 suka cire ta suka sa African.

Abin da ya fi ci mini rai da ita shi ne yadda take shafe sunaye. Ƙasar Gombe akwai Fulani da Bolewa da Terawa da Tangale da Waja da Jukunawa da Hausawa da wasu da yawa, kowa da harshensa da tarihinsa da sarautarsa, ga masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa tun farkon ƙarni na 19, sai mutum ya zo daga ƙetaren teku ya taƙaita su duka da kalma ɗaya don ba ya son wahalar koyon sunayensu. Ke kuma jikarsu ce, sunayen nan a bakinki suke, to me zai sa ki ari bakin wanda bai san su ba?

Ga yadda za ki bambance. In kalmar tana jingine da wani abu, kamar harshe ko ƙasa ko bishiya, ko aka ce wance native ce ta Gombe, ba komai a ciki, fom ɗin da kika cike bai zage ki ba. In kuwa ta tsaya ita kaɗai a jam'i ana nufin mutane, kamar yadda kika rubuta, to warin mulkin mallaka yana jikinta, ki rubuta mutanen Gombe ko ki kira su da sunayensu. A Amurka za ki ga asalin mutanen ƙasar da yawa sun karɓi Native American, don ya fi musu sunan Indiyawa da Kolumbus ya laƙaba musu a 1492 yana zaton Indiya ya isa, amma ko a can da yawansu sun fi son a ce Navajo ko Cherokee kai tsaye.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya, mahaifina malamin haraji ne a En'e ta Katagum. Jikana ya dawo daga jami'a yana ce mini wai En'e ba Hausa ba ce Turanci ne, muka yi ta musu har na ce sai na rubuto maka. Daga wani dattijo a Azare.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, jikanka gaskiya ya faɗa maka, kuma kai ma akwai inda ka fi shi gaskiya. En'e haruffa biyu ne na Turanci, N da A, taƙaicen Native Authority, wato hukumar 'yan ƙasa, kunnen Bahaushe ya ji ya gyara ta yadda za ta zauna a harshensa, kamar yadda ya yi wa Di'o da Razdan da Gwamna Lugga. Amma kalmar da ta shekara sama da ɗari a bakinmu, aka yi aure da albashinta aka yi suna da shi, ai ta zama Hausa, kamar yadda ba wanda zai ce alƙali ko littafi ba Hausa ba ne don sun fito daga Larabci.

Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, suka shigo Bauchi a 1902, Kano da Sakkwato a 1903, a shekarar ne kuma aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Gombe inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Turawan 'yan kaɗan ne kuma ba su da kuɗin ɗauko ma'aikata daga Ingila su cika ƙasa mai wannan faɗi, ga shi sun tarar da tsari a ƙasa, sarki da hakimai da dagatai da masu unguwa da alƙalai da hanyar karɓar haraji, sai suka bar shi yana tafiya su kuma suka tsaya a bayan sarki suna faɗa masa abin da suke so, aka tsara abin cikin dokar En'e ta 1916. Kai ka fi ni sanin abin da ke ƙarƙashinta Baba, baitulmali da ma'aji, 'yan doka da wakilin doka, gidan yari, kotun alƙali, elemantare da midil, disfensare, duba-gari, malamin gona da malamin daji, haraji da jangali. A lardin Bauchi akwai En'e ta Bauchi da ta Gombe da ta Katagum da Misau da Jama'are da Ningi da Dass da Tangale-Waja.

Ni dai ba na cikin masu zaginta gaba ɗaya kuma ba na cikin masu cewa zamanin aljanna ne. Rijiyoyi da makarantu da asibitocin da iyayenmu suka mora da kuɗin En'e aka yi su, kuma ma'aikacinta yana tsoron taɓa kuɗin baitulmali don ya san za a zo a duba littafi. Amma ta hannunta aka yi ɗiban gwamna lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kwashi talakawa aka kai su haƙar kuza a Jos cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su dawo ba, kuma talakan da hakimi ya zalunta ba shi da inda zai kai kuka don mai ƙararsa da mai hukunta shi duk gida ɗaya ne. Abin alfahari gare mu shi ne a nan Bauchi aka fara faɗin wannan a fili, a zauren tattaunawar da aka kafa a 1943 inda su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil ta Bauchi, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama suna tambayar abin da ba a saba tambaya ba. Shi Tafawa Ɓalewa da ake ganinsa mai sanyin hali shi ne ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agusta 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, alhali shi kansa ma'aikacinta ne, daga 1952 kuma aka daina cewa sarki shi kaɗai ne hukuma, sai sarki da majalisarsa. Zamanin Gowon aka karɓe 'yan doka da gidan yari da kotuna daga hannunta, gyaran 1976 kuma ya kawo ƙananan hukumomi ya rufe babinta. Duk da haka na sha jin tsofaffi in za su sakatariya suna cewa za su En'e, to ka gaya wa jikan naka ya zauna kusa da kai da biro da takarda ya rubuta abin da ka tuna na aikin mahaifinka, don irin wannan ba a jami'a ake samunsa ba.

TAMBAYA: Malam ni tela ne, kwastomomina 'yan kudu da 'yan bautar ƙasa kullum sai su ce in ɗinka musu native na Juma'a, yanzu har yaranmu sun ɗauka suna cewa netif. Zan rubuta allon shago, in sa kalman ko kar in sa? Daga wani tela a Wunti, Bauchi.

AMSA: Maigida sa abinka ba laifi, wannan Turancin Najeriya ne namu na kanmu, a Landan in ka ce ka sa native ba za su gane tufafi kake nufi ba. A nan kuwa kowa ya san kaftani ne da jamfa da babbar riga da atamfa da leshi, duk abin da ba kwat da wando ba. Kuma ka lura ɗinkin ake nufi, don yadin kansa yawanci baƙo ne, shadda mai tsada irin Getzner daga Ostiriya take zuwa, mai araha daga Sin, atamfar Holan kuma salon rininta daga Indonesiya aka koyo shi, namu na gado shi ne saƙi da gwado da baƙin rinin karofi. Ke nan hannunka ne yake mayar da yadin ɗan gida, kuma ni wannan amfanin da kalmar yana faranta mini rai, don mutum da bakinsa yake faɗa yana taƙama da kayansa. Haka suke ce wa kazar Hausa don bambanta ta da ta gidan gona, da shinkafa 'yar gida. Inda za ka yi hattara shi ne native doctor, don a bakin mutanen kudu ya fi karkata ga boka, kar ka kira mai maganin gargajiya ko wanzamin unguwarku haka. Shawarata ka sa Hausa a sama, ana ɗinkin kayan gida na maza, Turancin ya biyo a ƙasa don baƙi.

TAMBAYA: Malam a Bauchi aka haife ni, a nan aka haifi babana, kakana ne ya zo daga wata jiha da aikin reluwe ya zauna har ya rasu a nan aka binne shi. Na je neman takardan indijin don in cike aikin ɗamara aka ce mini ni ba ɗan asali ba ne in tafi garinmu, na je garin kakan nawa ba wanda ya san ni, su ma suka ce ba su da shaida a kaina. To Malam ni ɗan ina ne? A Turance ni native ne na Bauchi ko ba haka ba? Daga wani matashi a Bauchi.

AMSA: Ƙanena wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai, kuma ba kai kaɗai ba ne, irinka suna da yawa a Bauchi da Gombe da Jos da Kaduna da Kano. In ma'anar kalma kake tambaya to amsa a fili take, kai haifaffen Bauchi ne ɗan haifaffen Bauchi, duk ƙamus ɗin da ka buɗe native ne kai na garin nan. Matsalar ita ce takardar da kake nema da wata kalmar take aiki, indigene, ita ma daga Latin ta biyo ta Faransanci, kuma da ita Faransawa suke kiran 'yan uwanmu na Nijar a ƙarƙashin dokar da ta ba kwamandan yanki ikon ɗaure mutum ba shari'a, har zuwa 1946 da aka soke ta. Ita wannan kalmar yadda muke aiki da ita a Najeriya ba ta tambayar inda aka haife ka, inda aka haifi kakanka take tambaya.

Tsarin mulkin 1999 ya ambace ta a sashe na 147, inda ya ce shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalin jihar, sashe na 318 kuma ya ce ɗan jiha shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar, amma bai faɗi shekara nawa al'umma za ta yi a wuri kafin ta zama ta asali ba, sai aka bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi 774 kowace da yadda take yi. Manufar farko mai kyau ce, raba daidai ne don kar wani yanki ya cinye guraben aiki da na karatu, mu 'yan Arewa ma mun amfana da ita sosai. Amma tsarin mulkin nan dai shi ne ya ce a sashe na 41 kowane ɗan Najeriya yana da 'yancin zama duk inda ya so, a sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda asalinsa, kaga kai ka faɗa a ramin da ke tsakanin sassan nan.

Ra'ayina ba na ɓoye shi, wanda aka haifa a gari aka haifi ubansa a gari, kabarin kakansa yana maƙabartar garin, bai kamata a ce masa ya tafi garinsu ba. Malam Yakubu da ya kafa birnin Bauchi wajen 1809 da mutane daga wurare daban-daban ya cika ganuwar, Gombe ta yanzu kuwa sai a 1919 aka dawo da fada cikinta daga Nafada, gidaje da yawa da ake ganin na asali ne a yau auduga da kasuwa da jirgin ƙasa ne suka kawo kakanninsu, jirgin da ya iso Gombe a 1963. Ko a gona haka abin yake, gero da dawa da kuka da ɗorawa namu ne tun fil'azal, masara da rogo da gyaɗa daga nahiyar Amurka suka zo, dogon yaro da muke sha inuwarsa daga Indiya, amma wa zai je kasuwar hatsi ta Gombe yau ya ce masara baƙuwa ce? Kuma yaran Jarawa da Sayawa da Tangale nawa ne suka buɗi baki da Hausa, ita ce harshensu na farko ba tare da sun daina zama abin da suke ba? Mun ji zafi da Bature ya raba mutane gida biyu da kalma ɗaya, to ya kamata mu ji nauyin yi wa yaran da muka yi makarantar allo tare da su irin wannan.

Yanzu ga abin yi. Kar ka sayi takardar bogi ko nawa aka ce maka da araha, wajen tantancewa ake kama mutane kuma ka rasa aikin ka ɓata sunanka. Da ɗan gari akan ci gari, ka fara da mai unguwarku wanda ya san babanka, ya rubuta maka shaida ya haɗa ka da dagaci zuwa hakimi, ka haɗa takardar haihuwarka da ta firamaren babanka da takardar gidanku da duk wani rasit na haraji ko takardar fanshon kakanka da ta rage a akwati, sannan ka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma a rubuce ka riƙe kwafi, don abin da aka hana a bakin taga wani lokaci ana bayarwa in magana ta biyo ta hannun hakimi. A gefe guda kuma ka nemi tsofaffin abokan aikin kakanka ko dangin kakarka su nuna maka ainihin gidan da ya fito a can garin, in aka samu dattijo ɗaya da ya tuna shi mai unguwar can zai iya tsaya maka. Duk yadda ta kasance ka sake rubuto mini, in da hali ka haɗo da kwafin abin da suka ba ka a rubuce, in nuna wa wani lauya da na sani ya duba mana.